Gangare da Kwana: Me Ya Sa Ake Karkata Hanya a Inda Ta Lanƙwasa?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Jos ta gangara zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo. Garin Jos yana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da bakin teku, don haka tilas ne hanya ta sauko daga wannan tudu kafin ta kai ga filayen da ke kudancinsa. A wurin saukowar nan ne abubuwa biyu da direbobi suka fi shakka suke haɗuwa, wato dogon gangare da hanya mai yawan lanƙwasa, kuma an daɗe da sanin wurin da haɗarin manyan motoci.

Abin da ke faruwa da mota a irin wannan wuri yana bin ƙa'idojin da ɗalibin sakandare zai iya lissafawa da fensir da takarda. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana waɗannan ƙa'idoji daki-daki: yadda nauyi ke rabuwa a kan gangare, da abin da ke sa mota ta sha kwana, da dalilin da ya sa injiniyoyi ke ɗaga gefen hanya na waje a inda ta lanƙwasa. Daga ƙarshe za mu duba yadda halittu ke amfani da ƙa'idojin, domin mu masu nazarin halittu muna cin karo da su a fiffiken tsuntsu da cikin kunnen ɗan Adam.

Yadda nauyi ke rabuwa a kan gangare

Ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta, kuma wannan jan shi muke kira nauyi. Idan aka ajiye buhu a kan daɓe, nauyinsa gaba ɗaya yana danna daɓen, shi kuma daɓen yana tokare buhun da ƙarfi daidai da wannan nauyi, shi ya sa buhun ke zaune wuri guda. Za mu kira wannan ƙarfi na biyu da sunan tokara. Abu muhimmi game da tokara shi ne, kullum tana fitowa ne a miƙe daga fuskar abin da aka hau. Idan fuskar ta karkata, ita ma tokarar sai ta karkata tare da ita. Mai karatu ya riƙe wannan magana da kyau, domin a kanta aka gina duk abin da zai biyo baya.

To, idan aka ɗora buhun a kan katakon da aka jingina, nauyinsa yana nan yana nufin ƙasa kai tsaye, amma aikinsa ya kasu kashi biyu. Kashi na farko yana danna katakon, na biyu kuma yana jan buhun ya bi katakon ya gangara. Girman kowane kashi ya dogara ne ga kusurwar da katakon ya yi da ƙasa. A kusurwar digiri 30, mai jan buhun ya gangara rabin nauyin ne cif, mai danna katakon kuwa kimanin kashi 87 cikin ɗari na nauyin. A digiri 45 su biyun suna yin daidai da juna, kowanne kimanin kashi 71 cikin ɗari. Ɗaliban da suka yi lissafin kusurwoyi za su gane cewa mai jan gangarawa shi ne nauyi sau sayin na kusurwar, mai dannawa kuma nauyi sau kosayin nata.

Gangare a matsayin na'ura

Masu lodi a tasha sun daɗe da sanin amfanin wannan rabuwa. A ce ana son a ɗora ganga mai nauyin kilo 200 a bayan motar da tsayin bodinta daga ƙasa ya kai mita 1.2. Ɗaga ta cak sai ƙarti da yawa. Amma idan aka jingina katako mai tsawon mita 2.4 aka mirgina ta a kai, ƙarfin da ake bukata ya koma kamar na ɗaga kilo 100. Idan katakon ya kai mita 4.8, sai ya koma kamar na kilo 50. Ƙa'idar ita ce a raba tsayin da za a hau da tsawon katakon, sa'an nan a ninka da nauyin kayan. Sai dai kuma babu abin da aka samu a banza: an rage ƙarfi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, amma nisan turawa ya ninka sau huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa hanyar da ke hawa dutse take yin kewaye maimakon ta miƙe. Bahaushe ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Wani masani mai suna Simon Stevin, haifaffen yankin da ke cikin ƙasar Beljiyam a yau, ya tabbatar da wannan ƙa'ida a shekarar 1586 ta wata hanya mai ban sha'awa. Ya zana sarƙa mai ƙwallaye 14 masu nauyi ɗaya, an rataya ta a kan alwatika mai gefe ɗaya dogo ɗaya gajere. Gefen dogon yana ɗauke da ƙwallaye fiye da gajeren, amma duk da haka sarƙar ba za ta yi ta juyawa da kanta har abada ba. Ke nan ƙwallaye kaɗan a kan gefe mai tsananin gangare suna daidaita ƙwallaye masu yawa a kan gefe mai sauƙin gangare.

Bayansa, Galileo na ƙasar Italiya ya yi amfani da gangare domin nazarin faɗuwar abubuwa. A zamaninsa babu agogon da zai auna faɗuwar dutse daga sama, saboda saurinta. Sai ya riƙa mirgina ƙwallon tagulla a cikin kwarin dogon katako mai ɗan gangare, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya tsiyaye daga wani mazubi. Ya gano cewa idan lokaci ya ninka biyu, nisan da ƙwallon ya ci yakan ninka huɗu, idan ya ninka uku, nisan ya ninka tara. An buga wannan sakamako a littafinsa na shekarar 1638.

Gogayya da iyakarta

Me ya hana buhun da ke kan katako sulɓewa nan take? Amsa ita ce gogayya, wato riƙon da ke tsakanin fuskoki biyu da suka haɗu. Gogayya tana da iyaka, kuma iyakar ta dogara ga abu biyu: irin fuskokin, da ƙarfin da ke danna su ga juna. Masana suna ba kowane fuskoki biyu wata lamba da ke nuna ƙarfin riƙonsu. Tsakanin taya mai kyau da busasshiyar kwalta lambar takan kai kimanin 0.7, idan kwaltar ta jiƙe takan sauko zuwa wajen 0.4, idan kuwa akwai mai ko taɓo a kanta tana iya yin ƙasa da haka sosai.

Yayin da ake ƙara ɗaga katako, jan gangarawa yana ƙaruwa, dannawa tana raguwa, riƙo ma yana raguwa tare da ita. A wata kusurwa sai jan ya rinjayi riƙon, kayan su sulɓe. Tanjant na wannan kusurwa shi ne daidai da lambar riƙon. Shi ya sa tarin gero a kasuwa ko tarin yashin magina yake da iyakar tsayuwa, kome aka ƙara a kansa sai ya zubo. Busasshen rairayi yana tsayawa ne a wajen digiri 34, kuma kusan haka bayan tuddan rairayi na hamada yake.

Akwai wani ɗan ƙwaro da yara suka sani, wanda ke haƙa ƙaramin rami mai siffar mazurari a cikin rairayi mai laushi, ya ɓuya a gindinsa. Bangon ramin yana dab da iyakar tsayuwar rairayin. Da zarar tururuwa ta taka baki, sai rairayin ya zame da ita zuwa ƙasa, in ta yi yunƙurin fita ya watso mata ƙasa har bangon ya sake zubowa. Da lissafin gangare wannan halitta take samun abincinta.

Birki a dogon gangare

Motar da ke saukowa daga tudu, jan gangarawa yana ƙara mata gudu a kowace daƙiƙa, kamar ƙwallon Galileo. Idan direba ya dogara ga birki kaɗai, duk makamashin saukowar yana komawa zafi ne a cikin birkin. Bari mu lissafa. Babbar mota mai nauyin kilo 30,000 da ta sauko tsayin mita 300 tana sakin makamashin da ya kai kimanin jul miliyan 88. Wannan zafi ya isa ya kai lita 280 na ruwa ga tafasa, wato fiye da cikin ganga guda. Ƙarafan birki ba su iya fitar da irin wannan zafi da wuri, kuma idan suka yi zafi ƙwarai riƙonsu yana raguwa, a taka su ƙi kamawa. Don haka ne ake umartar direbobi su sa ƙaramar giya tun kafin su fara gangarawa, domin inji ya ɗauki wani kaso na aikin. Motar da birkinta ya gaza a gangare, da gudu fiye da ƙima za ta iso kwanar da ke ƙasa.

Me ke sa mota ta sha kwana?

A shekarar 1687 Isaac Newton na Ingila ya bayyana cewa duk abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudunsa, sai idan wani ƙarfi ya sauya shi. Ke nan mota ba za ta lanƙwasa ba sai an sami abin da ke tura ta zuwa tsakiyar da'irar kwanar. Yaron da ke juya majajjawa ya san haka: igiya ce ke jan dutsen zuwa hannunsa, kuma da ya saki sai dutsen ya tafi a miƙe. Fasinja yakan ji kamar ana wurga shi waje a lokacin shan kwana. Abin da ke faruwa shi ne jikinsa yana neman ya ci gaba a miƙe, motar kuma tana lanƙwasawa a ƙarƙashinsa, har ƙofa ko kujera ta tokare shi ta juyo da shi.

Ƙarfin da ake bukata domin shan kwana shi ne nauyin abu a ma'aunin kilo, sau gudu, sau gudu kuma, a raba da rabin faɗin da'irar kwanar, wato m × v² ÷ r. A lura cewa gudu ya shigo sau biyu. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ake bukata yakan ninka huɗu. A ranar 24 ga Yuli, 2013, wani jirgin ƙasa ya shiga wata kwana kusa da birnin Santiyago de Kwampostela a ƙasar Sifen da gudun kimanin kilomita 179 a sa'a, alhali iyakar da aka sa wa wurin kilomita 80 ce. Gudun ya ɗan haura ninki biyu ne kawai, amma ƙarfin da ake bukata ya ninka sau biyar. Jirgin ya kauce daga kan dogo, kimanin mutum 80 suka rasa rayukansu.

A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya marar karkata, riƙon taya ne kaɗai ke samar da wannan ƙarfi. Ɗauki kwana mai rabin faɗin da'ira na mita 100. A busasshiyar kwalta, taya za ta riƙe har zuwa gudun kimanin kilomita 94 a sa'a. Idan an yi ruwa, iyakar ta koma 71. Idan man gas ya zuba lambar riƙo ta faɗi zuwa 0.2, iyakar ta koma 50. Kwanar ba ta sauya ba, direban ma shi ne na jiya, amma gudun da ya wuce da shi lafiya jiya yana iya kai shi daji yau.

Hikimar karkata hanya

Yanzu mu koma ga maganar tokara. Idan aka ɗaga gefen hanya na waje ya fi na ciki tudu, fuskar hanya ta karkata zuwa tsakiyar kwanar, tokara ma ta karkata. Sai ita ma ta kasu kashi biyu: ɗaya yana ɗauke da nauyin motar, ɗayan yana tura ta zuwa tsakiya. Ta haka hanyar da kanta take taya tayoyi aikin juya motar. Ga kowace karkata akwai gudun da a kansa tokara kaɗai ta isa, ba a bukatar riƙon taya ko kaɗan. Ƙa'idar ita ce: tanjant na kusurwar karkata daidai yake da v² ÷ (r × g), inda g ke nufin jan ƙasa, wato 9.8, ana kuma auna gudu da mita a daƙiƙa. Nauyin motar bai shigo cikin lissafin ba, don haka kusurwa ɗaya ce ta dace da keke da tirela in dai gudunsu ɗaya ne.

A kwanarmu ta mita 100, mota mai gudun kilomita 60 a sa'a tana bukatar karkatar kimanin digiri 16. Amma injiniyoyi ba sa karkata hanyar jama'a har haka. Galibi karkatar ba ta wuce kashi 4 zuwa 10 cikin ɗari ba, wato ƙasa da digiri 6. Dalili kuwa shi ne hanya ta kowa ce. Motar da ke tafiya sannu ko wadda ta lalace ta tsaya a tsakiyar kwana, a gare ta karkatar ta zama gangare, kuma tana iya zamewa ko kifewa zuwa ciki. Idan aka karkata kwanarmu da kashi 7 cikin ɗari, iyakar gudu a jiƙaƙƙiyar kwalta takan tashi ne daga 71 zuwa kimanin 78 kacal. Taimako ne, amma bai kai a dogara gare shi ba.

A filayen tsere, inda kowa ke gudu, ana karkata hanya sosai. Filin tseren motoci na Daytona a jihar Fulorida ta Amurka, wanda aka buɗe a 1959, an karkata lanƙwasarsa da digiri 31, na Talladega kuma da digiri 33. Filayen tseren keke na katako sukan haura digiri 40. A layin dogo ma ana ɗaga ƙarfen waje a kwana. A kan dogo mai faɗin milimita 1,435, irin faɗin layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ɗagawar santimita 15 tana ba da karkatar kusan digiri 6.

Zamewa da kifewa

Ƙaramar mota takan zame ne idan ta wuce iyaka, babbar mota mai dogon lodi kuwa takan kife. Bambancin yana ga cibiyar nauyi, wato wurin da za a ɗauka cewa nauyin motar da kayanta ya taru. Taya tana jan motar zuwa ciki daga ƙasa, alhali nauyin yana can sama yana neman wucewa a miƙe, sai motar ta nemi juyawa a kan tayoyin waje. Ana samun iyakar kifewa ta hanyar raba rabin tazarar tayoyin hagu da dama da tsayin cibiyar nauyi. Idan tazarar mita 2 ce, cibiyar kuma tana mita 1.25 daga ƙasa, lambar ita ce 0.8, ta fi riƙon taya, don haka motar za ta zame kafin ta kife. Idan aka jibga buhuna har cibiyar ta kai mita 2.5, lambar ta koma 0.4. Wannan mota za ta kife a kwanarmu da gudun kimanin kilomita 71 a busasshiyar kwalta, tun tayoyinta na riƙe da hanya, kuma a zahiri tana kifewa kafin haka saboda sifirin yana lotsawa. Tankar da ba a cika ba ta fi haɗari, domin man da ke ciki yana kwararawa zuwa gefen waje. Mutanen da ke hawa kan lodin tirela suna ƙara ɗaga cibiyar nauyin, kuma su ne na farko da za a watsar.

Karkata a jikin halittu

Wanda ba shi da karkatacciyar hanya sai ya karkata kansa. Doki a wurin sukuwa, da mai gudu a fili, da mai keke, duk suna kwantawa zuwa cikin kwana, kuma kusurwar kwantawarsu tana bin ƙa'idar da muka gani. Ɗan acaɓa mai gudun kilomita 36 a sa'a a kwana mai mita 20 tilas ya kwanta da kimanin digiri 27, kuma yana bukatar riƙon da ya haura 0.5. Ɗan yashi kaɗan a kan kwalta ya isa ya kayar da shi.

Shirwa da ke shawagi ba ta da ƙasar takawa. Iska ce ke tokare fikafikanta, don haka idan za ta kewaya sai ta sauke fiffike ɗaya ta ɗaga ɗaya, tokarar iskar ta karkata ta tura ta zuwa tsakiya. Haka jirgin sama yake yi. A karkatar digiri 60, fikafikan suna ɗaukar ninki biyu na nauyin jirgin, fasinja ma ya ji nauyinsa ya ninka.

A can cikin kunnen ɗan Adam akwai bututu uku masu siffar rabin zobe, cike da ruwa, waɗanda ke jin juyawar kai. Kusa da su akwai wasu jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan duwatsu na sinadarin alli, zaune a kan ƙwayoyin halitta masu gashi. Idan kai ya karkata, ko jiki ya sauya gudu, duwatsun sukan lanƙwasa gashin, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Waɗannan jakunkuna ba su iya bambanta jan ƙasa da turin abin hawa, jimlarsu kawai suke ji. Shi ya sa a kwanar da aka karkata daidai da gudu fasinja ba ya jin ana wurga shi gefe, shayin da ke hannunsa ma ba ya zubewa. Shi ya sa kuma matuƙin jirgin sama da ya shiga gajimare yake dogara ga na'urorinsa, domin kunnensa na iya gaya masa yana tafiya a miƙe alhali jirgin ya karkata.

Gwaji domin aji

Malami zai iya nuna yawancin waɗannan abubuwa ba tare da kayan ɗakin gwaji ba. A ɗora kwabo ko magogin fensir a kan ɗan katako, a riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali har abin ya fara zamewa. A auna tsayin gefen da aka ɗaga, a raba shi da nisan da katakon ya ci a kan tebur, abin da aka samu shi ne lambar riƙo. A maimaita da jiƙaƙƙen katako, da kuma wanda aka shafa wa mai. Bayan haka a tsayar da kwalin ashana a kan katakon, sau ɗaya a kwance sau ɗaya a tsaye, ɗalibai su faɗi wanda zai zame da wanda zai kife tun kafin a gwada. Daga ƙarshe a zuba rairayi, da gero, da wake, kowanne tarinsa daban, a auna kusurwar tsayuwarsu.

Kammalawa

Allon iyakar gudu da ake kafawa kafin kwana sakamakon irin wannan lissafi ne, wanda ya haɗa faɗin kwanar da karkatarta da riƙon taya a ranar da aka yi ruwa. Faɗin kwana da karkatarta injiniya ya riga ya yanke su. Abubuwa uku ne suka rage a hannun mutane: lafiyar taya da birki, tsayin lodi, da gudu, kuma gudu ya fi sauran tasiri tun da sau biyu yake shiga lissafi. Rage gudu daga kilomita 100 zuwa 70 a sa'a yana rage ƙarfin da ake nema daga taya da rabi. Yana da kyau ɗalibai su gwada wannan lissafi da kansu, su kuma kai bayaninsa gida ga iyaye da 'yan'uwa masu tuƙi.